Baƙin Tablo a Ƙafar Baba Gardi

Fasassun batura Hafizu ya fara gani, tun kafin ya ga ƙafar. Guda biyar ne, an tsaga su da wuƙa, an kwashe baƙin cikinsu, an jera ɓawon a gindin bangon ajin ƙarshe. Ranar Laraba ce, cikin watan Afrilu, azahar ta kusa. Lakwal, wato makarantar boko, ta tashi, babu kowa a fili sai awaki biyu da suka manne da inuwar bango. Ya tsaya riƙe da kwanon furar da gwaggonsa ta aiko shi ya kawo, yana duban ɓawon nan. Duk wanda ya yi karatu a wannan lakwal ya san baturan, ya kuma san lokacinsu: farkon Oktoba, kafin yara su dawo hutu. Ba a fasa batir a Afrilu.

Da ya zagaya bayan ajin, sai ga mahaifinsa zaune a tsakiyar rana, ya miƙe ƙafar hagu a kan tubali, ya naɗe wando har gwiwa. Gyambon da ke ƙaurinsa an cika shi da wani abu baƙi ƙirin mai sheƙi. Da hannun dama yana riƙe da gilashin nan mai ƙara girman abu, wanda ake ajiyewa a kabad ɗin darakta, shugaban lakwal, yana tara hasken rana a kan baƙin. Da hannun hagu yana jan carbi. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu, haƙoransa a cije. Hafizu ya ji wari kamar na fatar da ake babbakewa ranar Layya. A nan take ya gane abin da carbin yake ƙirgawa. Minti goma ne. Shi ya faɗi minti goman, da bakinsa.

Tsohon ya ga inuwar mutum. Ya saki ƙafar wando, ya kau da kai wajen bango, ya yi magana kamar da awaki yake.

"A aje kwanon can inuwa."

Hafizu ya ajiye kwanon a inuwa. Ya juya ya tafi. Wannan tafiyar tana cikin abubuwan da ba ya son tunawa.

Sunan mahaifin nasa Albarka, amma a Filingue, in ka ce Albarka sai a tambaye ka wanne. Baba Gardi ake ce masa, don shi ne mai gadin lakwal. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Damana, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Shekarar babbar yunwa, yana saurayi, ya taho da ƙafa shi da uwarsa da ƙanwarsa Balkisa, da tukunya ɗaya da akuyar da ta mutu a hanya. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako ranar kasuwa, ya buga tubali. Tubalin ne ya kai shi lakwal, lokacin da ake gina bangonta. Da aka gama aiki kowa ya watse, shi ya dawo washegari ya share wurin ba wanda ya sa shi, darakta na lokacin ya miƙa masa makullai. Shekara talatin da shida ke nan. Daraktoci goma sha ɗaya sun zo sun wuce, shi yana nan, yana buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar dogon yaro, safe da rana. Bai iya karatu ba. Amma ya haddace waƙar ninkin lissafi kaf saboda jin ta ta taga, kuma in ya dubi rubutun da aka bari a tablo, babban allon aji, zai gaya maka wane mushe ne, wato wane malami, ya yi shi, da ko ransa a ɓace yake ranar.

Tablo shi ne sana'arsa ta gaskiya. Fentin allo da ake cewa za a aiko daga Yamai, shekara guda ya zo, uku bai zo ba. Wani tsohon mushe ya nuna masa dabarar batir, shi kuma ya gyara ta har ta zama tasa. Duk shekara yana bin unguwa yana tara matattun baturan rediyo da na tocila a buhu. In Oktoba ta kusa sai ya fasa su, ya daka baƙin a wani guntun turmi da ba ya barin ya kusanci abinci, ya kwaɓa da jiƙaƙƙen ƙaro, ya shafe alluna da tsumma, shafi uku, ya jera su a rana. Yadda yake gwada aikinsa shi ne ya ɗora tafin hannu a kan allon da tsakar rana. In ya iya ƙirga goma bai ɗaga ba, baƙin bai isa ba, sai an ƙara. Har daga ƙauyuka ake aiko amalanke a ɗauke shi. Da wayoyi da fitilu masu cajin rana suka yawaita, batir ya soma wuya, sai ya riƙa ɓoye buhunsa a ƙarƙashin gado kamar irin shuka.

Hafizu ɗansa ne na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunansa ba. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi. Ba ya ɗaukarsa yana jariri, ba ya cin abinci gabansa, ba ya dubansa ido da ido. In zai ambace shi sai ya ce "na Balkisa", don ƙanwarsa ce ta yaye yaron ta raine shi, kuma da uwar yaron ta rasu ita ta dawo gidan ta riƙe shi. Duk maganar da ke tsakanin uba da ɗa ta bakin Gwaggo Balkisa take bi. Shekara shida Hafizu yana wucewa ta ƙofar lakwal kowace safiya, ya rusuna, ya ce "Baba Gardi, ina kwana" kamar kowane yaro, a amsa masa kamar kowane yaro. Ranar da aka faɗi sunansa cikin waɗanda suka ci jarrabawar shiga jami'a, maƙwabta suka cika gidan da guɗa, shi kuwa uban ya saɓi hauya ya tafi gonarsa ta hanyar Abala, alhali ba lokacin noma ba ne. Sai bayan shekaru Gwaggo ta gaya wa Hafizu cewa duk ajin da yake ciki, tablonsa shafi huɗu yake samu.

Ciwon ya fara ne a kakar bara. Albarka yana gyara rumfar zana da ƙananan yara ke karatu a ciki, wata tsatsattsiyar waya ta yanke shi a ƙauri. Yanka ne da bai kai tsawon yatsa ba. Ya sayi kafson nan ja da rawaya wurin masu tallar magani a faranti, ya buɗe ya barbaɗa garin a kai, kamar yadda kowa ke yi. Ciwon ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ƙara wani kafson. Ya je gidan likita aka yi masa allurai, ya ji sauƙi a ta uku ya daina zuwa. Ya koma, aka sauya magani. Wata bakwai ana haka, gyambon yana faɗi, yana ruwa, ƙudaje na bin wandonsa.

Hafizu ya dawo daga Yamai a watan Maris da takardar digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai, babu aiki. Ya ga mahaifinsa yana ɗingishi, ya tambayi Gwaggo, ta ce ana magani. Bai ce a nuna masa ba. Ɗan fari ba ya cewa ubansa ya ɗaga wando.

Wata ranar kasuwa da la'asar aka taru a ƙofar gidan ana shan shayi. Akwai Buba, mai kiwon shanu, abokin Albarka tun zamanin ga-ruwa, wanda duk ranar kasuwa sai ya biyo ya ci tuwon gidan ya kushe shi. Albarka yana can gefe, ya ba su baya, yana tufkar igiya.

"Kai, ɗan Gardi," in ji Buba, "shekara nawa ka yi Yamai?"

"Bakwai, Baffa."

"Bakwai! Ka iya allura?"

"A'a."

"Ka iya gyaran rediyo?"

"Ba shi na karanta ba."

"To mi anka koya maka? Ni saniyata da ta shekara bakwai ta ba ni maruƙa huɗu."

Aka fashe da dariya. Kunnuwan Hafizu suka yi zafi. Ya ciro waya ya soma nuna hotuna. Ya ce akwai ƙwayoyin cuta da suka saba da magani har ba ya kashe su, saboda yawan shan kafso barkatai. Ya ce masana na neman wata hanya: wani gari mai laushi da ake sa wa ciwo, a haska masa fitila, garin ya sha hasken ya mayar da shi zafi, zafin ya kashe ƙwayoyin, don komai sabonsu da magani ba su iya sabawa da wuta. Ya ce shi da karan hatsi ya yi nasa garin, ya ƙona shi ya zama gawayi. Ya nuna musu faranti biyu na gilas, ɗaya cike da ɗigo-ɗigo, ɗayan fes.

Buba ya karɓi wayar ya juya ta sama da ƙasa. "Gawayi na? Gawayin da muka sani?"

"Baƙin ne ke aikin. Baƙi shi ke shan haske."

"In ba fitila fa? Rana tana yi?"

"Haske ai haske ne."

"An gwada ga mutum?"

Duk idanu na kansa. Hafizu ya san amsar. Ba a gwada ga mutum ba, ko ga ɓera ba a gwada ba. Garinsa sai an tace shi an dafa shi a na'ura kafin a taɓa shi, fitilar ta musamman ce ta aro, ana auna zafin da ma'auni don kada ya wuce abin da fata za ta ɗauka, kuma cikin faranti goma sha biyu, biyar ne suka fito fes. Wanda ya nuna musu shi ne mafi kyau. Amma dariyar ɗazu tana nan a kunnensa.

"Yana ci, Baffa," ya ce. "Kusan duka yake kashewa."

Hannun Albarka ya tsaya a kan igiya ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Bayan kwana biyu Gwaggo tana tankaɗe, ta tambaye shi ba ta ɗago kai ba. "Wai maganin nan naku, har yaushe aka barin shi cikin haske?"

"Minti goma."

Gwaggo ba ta taɓa tambayarsa komai game da karatunsa ba. Ya san tambayar ba tata ba ce. Wani abu ya ɗan motsa a ransa, amma daɗin jin cewa tsohon ya saurare shi ya danne shi. Bai ce don me ba.

Ranar Larabar nan, da ya baro lakwal, kai tsaye ya je wurin Gwaggo. Ya ce ta gaya masa ya daina yau ɗin nan, baƙin batir guba ne, gilashin nan ƙona nama yake yi. Ta dube shi da mamaki.

"Ba kai ka ce shina ci ba?"

"Ba wannan ba ne, Gwaggo. Ba irinsa ba ne."

"Baƙi dai ka ce. Kuma wa ya hi ubanka sanin baƙi duk ƙasar Kurfey?"

Da magariba ta kai saƙon, ta dawo da amsa. Wai yau kwana tara, ruwan ya tsaya, zafin da ake ji alamar aiki ce, kuma a gaya wa na Balkisa ya kwantar da hankalinsa, an bi ƙa'ida, ba a taɓa wuce minti goma ba. Tsakanin ɗakin Hafizu da na mahaifinsa taku goma sha biyar ne. Bai taka su ba.

Ranar Juma'a ba a buga ƙarfen lakwal ba. Zazzaɓi ya kwantar da Albarka, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli. Aka aika wa Buba, ya zo da amalanke. Kafin a fita, tsohon ya sa aka ba shi ruwa da sabulu, ya rufe ƙofa, ya wanke gyambon da kansa. Suna jin nishinsa daga waje. Amma baƙin da aka yi don ya zauna a katako shekara guda ba ya fita daga nama da wanki ɗaya.

A gidan likita, wadda ta duba shi Samiratu ce, ajinsu ɗaya da Hafizu tun daga firamare, yanzu ita ke riƙe da ɗakin wanke ciwo. Ta gaida tsohon har ƙasa, ta warware tsumman, sai fuskarta ta sauya.

"Baba Gardi, me aka sa a nan?"

"Ba komi, ɗiyata. Kafso dai, da allurarku."

"Baƙin nan fa?"

"Hakanan ya tashi."

Ta juyo wurin Hafizu, ta tambaye shi da Faransanci ko ya san wani abu. Ita ce take zuwa ta biyu a aji in ya zo na ɗaya. Ranar da ya dawo ta tare shi a hanya ta kira shi babban masani. Ya dubi tayil ɗin ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta kira likita, suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka rubuta takarda. Nama in ya yi baƙi haka, in ji likitan, yawanci ya mutu ne, kuma mutuwar tana hawa sama. A kai shi Yamai gobe da sassafe. Su shirya ransu, mai yiwuwa a yanke.

Suka sami gurbi a motar farko. Aka ba Albarka gaba don ya miƙe ƙafa, Hafizu da Buba suna baya tsakanin buhunan wake da wata tunkiya. Da aka tsaya a Baleyara, Buba ya ja shi bayan mota.

"Batura uku daga cikin biyar ɗin nan ni na kawo mai," in ji shi. "Na ɗauka tablo za shi shafawa. Da na gane, ya sa ni na rantse ba ni hwaɗi. Balkisa ma ya sa ta. Ka san don mi?"

Hafizu ya girgiza kai.

"Wai kada a ce maganin ɗansa bai ci ba. Wai kana neman aiki, in maganar ta kai Yamai ta ɓata maka takarda. Wawan tsoho, ya gwammace ƙafa." Ya tofar da goro. "Duk mun rantse. Mutum guda ya rage da bai sa shi rantsuwa ba, don ba shi iya yi mai magana. Ka gane ko sai na zana maka a tablo?"

Da rana suka isa asibitin Yamai. Likitan da ya karɓe su, Dokta Abdulgafar, mutum ne mai furfura da gaggawa, ɗalibai uku na biye da shi. Ya karanta takardar, ya dubi ƙafar, ya danna nan ya danna can, ya yi tambayar da Samiratu ta yi, aka ba shi amsar da aka ba ta. Sai ya ciro biro daga aljihu, ya ja layi a fatar, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa. Ya ce wa ɗalibansa a shirya ɗakin aiki.

Albarka ya dubi layin. Shi da ya shekara talatin da shida yana goge rubutun wasu, ya kai yatsa kamar zai goge, sai ya janye.

Hafizu ya ji muryarsa ta fito kafin ya shirya. Da Faransanci ya fara, da sauri, idonsa a kan biron. Ya ce baƙin ba na mutuwar nama ba ne duka, garin batir ne da ƙaro, an shafa kwana tara ko goma, an ƙona da gilashi a rana, kuma shi ya gani tun ranar Laraba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya rufe baki da takarda. Likitan ya cire tabarau.

"Wa ya ba shi wannan shawara?"

"Ni."

"Kai me kake yi?"

Hafizu ya faɗi abin da ya karanta. Ɗalibin da ya rufe baki ya kau da kai. Likitan bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya juya ga tsohon da Hausa.

"Baba, gaskiya ne ka sa baƙin batir?"

Albarka ya dubi Buba. Buba ya ɗaga hannu biyu. "Ni bakina a ɗaure shike, kowa ya gani."

"Dabarata ce," in ji Albarka. "Ba wanda ya sa ni. Ni ka aikin baƙi tun ba a haifi waɗanga yara ba."

Sai Hafizu ya zagayo gaban gadon ya durƙusa, inda ba yadda za a yi tsohon ya kau da kai sai ya dubi bango kusa da hancinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa haɗa jimla uku a jere ga mutumin nan ba.

"Baba, abin da na faɗa ranar nan a ƙofar gida, ban faɗi duka ba. Ba a taɓa sa shi a jikin mutum ba. Ko ɓera ba a gwada wa ba. A faranti ne kawai, kuma fiye da rabi bai yi ba. Rana ba ta yi, baƙin batir ba ya yi. Na sani lokacin da Baffa ya tambaye ni. Kunyar dariya na ji, na yi ƙarya. Jiya ma an tambaye ni na ce ban sani ba."

Albarka yana duban bango. Can ya yi magana, da likitan.

"Likita, a tambaye shi. Takardar karatun da anka ba shi, ta gaskiya ce?"

"Ta gaskiya ce, Baba," in ji Hafizu. "Aikin ne bai kai ba tukuna."

Tsohon ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, "Ashe ni na riga ɓera."

Buba ya tuntsire da dariya har ya riƙe ƙarfen gado, yana share ido da hannun riga. "Ɓera ya hi ka wayo, Gardi. Shi sai an kamo shi."

Likitan ya sake duban ƙafar, wannan karon da fitila, ya ɗan kankara gefe da ƙarfe, baƙi ya fito a auduga, ƙarƙashinsa ja. Ya ce aikin ya sauya. Ba za a yanke yau ba, za a shiga a wanke a ga abin da ke ƙasa. Da ya zo fita ya tsaya kusa da Hafizu, ya ce masa da Faransanci, a hankali, da an faɗi wannan tun ranar Laraba da ba a zo nan ba.

Awa biyu aka yi. Da likitan ya fito ya ce baƙin da yawa ya fita, amma wuta ta kashe nama mai faɗin tafin hannu, an cire shi, kuma ƙwayoyin sun kusa ƙashi. An ɗebi ruwan ciwon an kai ɗakin gwaji, za a shuka shi a faranti, a jera masa magunguna a ga ko akwai wanda har yanzu ƙwayoyin ke jin tsoronsa. Hafizu ya san farantan. Ya san yadda ake dubansu da safe, da yadda suke in babu wanda ya ci. Likitan ya ce in an samu magani ɗaya mai ci, akwai fata. In ba a samu ba, ko kumburin ya haura layin kafin nan, za a yanke a inda ya zana. Ya hana a goge layin.

Buba ya koma ga shanunsa ranar Lahadi. Hafizu ne ke jinya, don babu wani. Shi ke ɗaga mahaifinsa, shi ke zubar da tasa, shi ke riƙe ƙafar in an zo wanki, tsohon yana duban rufi, shi yana duban ƙasa. Magana har yanzu ta bakin wani take bi. Jiya Albarka ya ce wa maƙwabcinsa na gado, wani mai karyayyen hannu, a gaya wa yaron nan ya buga wa Balkisa waya: makullin kabad ɗin darakta yana aljihun tsohuwar riga, a mayar da gilashin mutane. Ya kuma ce buhun da ke ƙarƙashin gado kada a zubar, Oktoba tana tafe.

Hafizu ya buga wa Samiratu ma, ya gaya mata abin da ya sani ranar da ya ce bai sani ba. Ta tambayi zafin jikin Baba Gardi, ya faɗa mata, ta kashe.

Kowace safiya, kafin likitoci su zagayo, yana ɗaga zanen ya auna da yatsa tsakanin kumburin da layin biro. Ranar Lahadi yatsa uku ne. Yau Talata, biyu da rabi. An ce sakamakon gwajin zai fito ranar Alhamis. Har yanzu ba a san ko za a bar masa ƙafar ba.